Faifan Hostage da na saya a Circle, da idon mai gadi

Shekarata goma sha tara ina gadin dare a Accra. Shida na yi su a wani sito a North Industrial Area, sauran a gidajen masu hali, yanzu haka ina East Legon. Daga Maamobi nake tashi bayan la'asar, in hau trotro, wato motar haya, zuwa tashar 37, in sake hawa wata, in karɓi ƙofa ƙarfe shida, ba na miƙa makulli sai shida na safe. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san da wane ido na kalli fim ɗin da zan yi magana a kansa.

Watan da ya wuce na je Circle, wata babbar mahaɗar hanyoyi a Accra, gyaran gilashin wayata. Kafin mai gyara ya gama, na ɗan zagaya wajen Tip Toe Lane, na tarar da wani dattijo da teburinsa cike da tsofaffin kayan waje: rediyo, caja, rimot, da kwali biyu na fayafayan DVD. Yanzu kowa a waya yake kallo, shi ya sa kasuwarsu ta faɗi. Ya ce ɗaya sidi goma, uku ashirin da biyar. Abin da ya ja ni gare shi, bai yarda in tafi da kaya a rufe ba. Ya buɗe gidan faifan, ya ɗaga shi a hasken rana, ya nuna mini wata 'yar ƙarzuwa a gefe da bakin farcensa, sannan ya sa shi a ƙaramar na'ura mai batir. Muka ga farko, ya tsallaka tsakiya, ya tsallaka ƙarshe. Ya ce, "Malam, in ya ƙi yi a gida ka dawo da shi. Nan nake kullum, ban da Juma'a." Bai ƙi ba. Sau ɗaya ya ɗan tsaya a daidai wurin ƙarzuwar, na goge shi da gefen riga ya wuce. Hoto garau, murya garau, ga rubutun Turanci a ƙasa ga mai bukata. Ta fuskar ciniki ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Fim ɗin shi ne Hostage, wato wanda aka yi garkuwa da shi. A 2005 ya fito, wani Bafaranshe mai suna Florent Siri ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin Robert Crais na 2001 aka ɗauko shi. Tsawonsa bai cika awa biyu ba. Ranar Lahadi da nake hutu na kalle shi da ɗan ƙanwata, wanda ya fi ni kama Turancin Amurkawa in sun yi sauri. Zan taɓa yadda ya ƙare a gaba, wanda ba ya son a ɓata masa sai ya kiyaye.

Bruce Willis ne ya fito a matsayin Jeff Talley, ɗan sandan Los Angeles wanda aikinsa shi ne lallashin mai garkuwa har ya saki mutane. A farkon fim wani mutum ya tsare matarsa da ɗansa. Maharba sun samu damar harbe shi, Talley ya hana, yana ganin bakinsa zai isa. Bai isa ba. Yaron a hannunsa ya cika. Bayan shekara guda sai ga shi ya gudu wani ƙaramin gari a Kalifoniya ya zama shugaban 'yan sanda, inda yake zaton ba zai ƙara ganin irin wannan rana ba. Can ne wasu samari uku, Dennis da ƙaninsa Kevin da wani abokinsu Mars, suka ga wata babbar mota, suka bi ta har gidan mai ita da niyyar sata. Ƙaramin yaron gidan, Tommy, ya danna ƙararrawar da ba ta ƙara. 'Yar sanda ta zo dubawa, Mars ya harbe ta. Daga satar mota, magana ta koma garkuwa da uba da 'ya'yansa biyu.

Har nan labari ne da aka saba gani. Inda ya sha bamban shi ne maigidan, Walter Smith, akanta ne mai wanke wa wani gungun miyagu kuɗi, kuma sirrin asusunsu yana cikin wani faifan DVD da ya ɓoye a gidan faifan wani tsohon fim, a tsakiyar sauran fayafayansa. Miyagun ba za su yarda 'yan sanda su shiga su same shi ba. Sai suka sace matar Talley da 'yarsa, suka nuna masa su a ɗaure a bayan mota, suka ba shi waya, suka ce ya koma ya karɓe ragamar aikin da ya riga ya miƙa wa wasu, ya riƙe wurin har mutanensu su iso. Gaba kura, baya sayaki. Iyali biyu a hannun miyagu iri biyu, mutum ɗaya a tsakani, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Gidan ya fara ɗaukar hankalina kafin mutanen. A gefen tsauni aka gina shi, kyamara ta ko'ina, na'urar magana a bakin ƙofa, ƙarafan da ke saukowa su toshe tagogi da ƙofofi in an danna maɓalli, har da ɗaki na musamman da ake kulle kai a ciki in an shiga uku. Duk wanda ya bi layukan East Legon ko Airport Residential ya san irin wannan tunani: doguwar katanga, wayar lantarki a samanta, ƙarafa a kowace taga, ƙofar da ba ta buɗuwa sai da rimot. To a fim ɗin duk wannan kaya bai hana yara uku marasa dabara shiga ba. Da suka shiga kuwa, kayan tsaron suka koma nasu. Da kyamarar maigida suke kallon 'yan sanda, da ƙarafan maigida suka kulle 'ya'yan maigida.

A nan na dakatar da faifan, domin na taɓa ganin irinsa da idona, ko da yake ba ɓarawo a ciki. A 2015 ne, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, ina gadi a wani gida da ba wannan ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Sai ga uwargida ta fito da gudu ba ko takalmi, ɗanta ɗan shekara huɗu a kafaɗa, zazzaɓi ya sa shi jijjiga, idanu sun juye. Mota na nan, direba na nan, amma ƙofa mai inji ce. Akwai ɗan makullin da ake sake injin da shi don a tura ta da hannu, sai dai yana cikin durowar maigida, maigida ya yi tafiya, durowar a kulle. Ni da direba muka sa kafaɗa muka tura, ko motsi ba ta yi ba. Ina jin haƙoran yaron suna ƙara. Na karɓe shi, na fita ta ƙaramar ƙofa, na yi ta gudu da shi har bakin babban titi, uwar tana biye da ni tana salati, kafin Allah ya kawo tasi. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Amma har gobe in na ji ƙarar injin ƙofa sai na tuna zafin jikinsa a ƙirjina. Don haka da na ga ƙarafan gidan Smith suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ban ji kamar ƙirƙira ake yi ba.

Shi kansa Smith, wanda Kevin Pollak ya fito a matsayinsa, mutum ne mai fara'a da son 'ya'yansa. Ba shi da kama da mugu. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma shi askin a ɗakin karatunsa yake yi, 'yan taku kaɗan daga inda yaransa ke kwana. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan shi ya sume tun da wuri bayan an buge shi a ka, ruwan kuma ya sauka a kan yarinya da ƙaninta. Wannan ma na san shi. Na taɓa yin wata uku kacal a wani gida inda motoci ke zuwa bayan sha biyun dare, a ce in kashe fitilar ƙofa, a shiga da jakunkuna, a fito ba a gaisa ba. Ba wanda ya gaya mini kome, ban kuma tambaya ba. Na karɓi albashin wata na uku na ce mahaifiyata ba ta da lafiya. Mai gadi katanga yake tsarewa, amma sau da yawa bai san abin da aka ajiye a bayanta ba, kuma in abin ya ɓaci shi ne na farko a bakin bindiga.

Mafi kyawun fim ɗin a waya yake faruwa. Tommy ya san ramukan iska da lungunan gidansu, ya sulale ta ciki, ya samu waya, ya kira Talley. Ku saurari muryar Willis a waɗannan wurare. Yana magana a hankali, yana kiran sunan yaron, yana jan shi da hirar wasan kwamfuta don ya rage masa tsoro. Haka yake yi wa Dennis, wanda ke ihu yana neman jirgi mai saukar ungulu: ba ya musu da shi, ba ya ce masa a'a kai tsaye, yana ba shi ƙaramin abu don ya karɓi babba, har ya samu aka fito da uban a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarkin zango ana sasanta rigimar gado ko ta haya zai gane wannan salo. Dattawanmu ma haka suke barin mai fushi ya zazzage cikinsa kafin su ce uffan.

Sai dai a cikin wannan taushin murya ne abin da ya fi ci mini rai yake. Talley ya roƙi yaron ya je ya ɗauko masa faifan. Yaro ƙarami, a gidan da masu bindiga uku ke yawo, kuma ba don ceton yaron ba, don ceton 'yar Talley. Yaron ya amince domin ya ɗauka mai cetonsa ne ke magana. Fim ɗin bai wanke Talley ba, ana ganin kunyar a fuskarsa, amma ya yi. Wani abin da ya ƙara wa wurin nauyi, wadda ta fito a matsayin 'yarsa Amanda, Rumer Willis ce, 'yar cikin Bruce Willis ta gaske.

A nan ɗan ƙanwata ya juyo ya ce, "Kawu, in kai ne fa? A ce ƙarfe biyu na dare an kira ka an ce an riƙe Anti da yara a Maamobi, ka buɗe ƙofar Alhaji."

Na daɗe ban amsa ba. Shekara goma sha tara ina tunanin wanda zai hauro katanga, wanda zai yanke waya, wanda zai ba kare guba. Ina da tocila, ina da kulki, ina da usur, lambar 'yan sanda 191 da 112 suna rubuce a bangon ɗakina. Ban taɓa zama na yi tunanin wanda ba zai taɓa katangar ba sam, zai bi ta kaina ne. Ina kwana ina tsaron 'ya'yan wani a bayan wayar lantarki, nawa suna kwance a gidan haya mai ƙofar katako da sakata ɗaya. Na ce masa, "Zan buɗe. Kuma ba zan ƙara iya kallon idon Alhaji ba har in mutu." Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, muka ci gaba da kallo. Fim ɗin da ya iya fitar da wannan magana daga bakina a gaban yaron da na goya, ya ci kuɗinsa.

Yanzu ga inda ya ba ni haushi. Kashi biyu cikin uku na fim ɗin mutane ne masu tsoro suke yin kuskure irin na mutane. Dennis wawa ne mai zafin kai da ya ga jakunkunan kuɗi ya rikice. Kevin yaro ne da ya bi yayansa ya rasa hanyar komawa, kuma irinsa na nan a kowace unguwa, daga Nima har Aboabo. Amma Mars, wanda Ben Foster ya fito a matsayinsa, da farko shirunsa da kallon da yake yi wa yarinyar gidan, Jennifer, suna tayar da tsigar jiki, daga baya sai aka mai da shi aljani. Ya kashe abokan tafiyarsa biyu, an caka masa wuƙa a fuska bai faɗi ba, yana rarrafe a ramukan gida, yana jifa da kwalaben fetur yana ƙone mutanen da miyagun suka turo cikin kayan jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Kiɗan Alexandre Desplat ya yi sama, wuta ta ko'ina, hoto yana tafiya a hankali. Yaran layinmu da suka leƙo ta taga nan ne suka fara murna, don sun samu abin da suke kira kila da buloman, wato mugu da jarumin fim. Ni kuwa nan ne na ji an ƙwace mini fim ɗin. An ɗauki sama da awa guda ana nuna mana mutumin da makaminsa harshe ne, sannan aka ce harshen ya koma gefe, harsashi ya gama aiki.

Ƙarshen ma haka. Faifan ya ƙone, Talley da Smith suka je wata tsohuwar mashaya inda aka tsare iyalin, suka yi kamar suna gaba da juna, suka harbe masu rufe fuska duka, aka rungumi juna. To su waɗanda suka turo su fa? Gungun da ya iya gano gidan shugaban 'yan sanda cikin 'yan awoyi, ya samo motoci da kayan jami'an gwamnati, ba zai ƙare don an kashe 'yan aikensa ba. Ba a taɓa nuna mana manyan ba, kuma wannan ɓoyewar ta yi daidai, domin haka suke a zahiri. Amma fim ɗin ya rufe kamar an gama da su, alhali mai hankali ya san gobe da safe iyalan nan biyu ba su da wurin kwana.

Mu a Ghana ba mu saba da garkuwa da mutane kamar wasu maƙwabtanmu ba, amma ba baƙuwarmu ba ce. A watan Yunin 2019 an sace wasu 'yan mata biyu 'yan Kanada a Kumasi, jami'an tsaro suka kuɓutar da su bayan kwana takwas. 'Yan matan Takoradi da aka sace a 2018 kuwa ba su dawo ba, gawarwakinsu aka gano a 2019, kotu a Sekondi ta yanke wa mutum biyu hukuncin kisa a 2021. Na tuna yadda iyayensu suka yi wata da watanni suna jiran waya. Wannan jiran, da rashin sanin ko wanda ke magana da kai gaskiya yake faɗa, shi ne ainihin azabar, kuma fim ɗin ya kama shi da kyau a duk lokacin da wayar da miyagun suka ba Talley ta yi ƙara a aljihunsa yana tsaye a tsakiyar abokan aikinsa. Da a kan wannan ya tsaya har ƙarshe, da na sa shi a sahun gaba na duk abin da na taɓa kallo.

Game da Willis, mu da muka taso da Die Hard na 1988 a gidajen bidiyo mun san shi da ba'a da murmushin gefen baki. A nan babu wannan. Mutum ne gajiyayye mai kuka a gaban jama'a, kuma ya fi mini haka. Ɗan ƙanwata ne ya gaya mini cewa a 2022 iyalinsa sun sanar ya bar fim saboda ciwon da ke hana mutum sarrafa magana, a 2023 kuma suka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai cin tunani. Na sake kallon wurin da yake lallashin Tommy bayan na ji haka, ya yi mini nauyi ƙwarai. Allah ya ba shi sauƙi.

Shin a saya? A saya, in an samu faifai mai kyau irin nawa, a kuma sa mai sayarwa ya gwada a gabanka. Amma ba na yara ba ne. Akwai jini, akwai zagi mai yawa, akwai yaro da ya mutu tun a mintunan farko, kuma yadda Mars ke bin yarinyar ba abin da za ka so 'yarka ta gani ba ne. Ni da na ankara na kori na bakin taga na ja labule. Masu gidaje masu ƙofar inji da abokan aikina masu gadi, ku na fi so ku gani.

Ranar Litinin da na koma aiki na jira Alhaji ya fito sallar magariba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina makullin sake injin ƙofar nan yake?" Ya tsaya yana tunani, ya ce bari ya tambayi Hajiya. Aka yi ta nema har bayan isha, aka same shi a cikin kwalin takardun mota. Muka kashe wuta muka gwada, ƙofar ta turu da hannu ɗaya. Yanzu yana rataye a ƙusa a ɗakin gadi, an yanka wa Hajiya nata. Na kuma nuna masa tagogin ɗakin yara, ƙarafansu duk a like da walda, ya ce zai kira mai walda ya yi wa ɗaya ƙofa da kwaɗo.

Da dare ya raba, wajen ƙarfe biyu, na zagaya katanga kamar kullum, na dawo na zauna. Sai na ɗauki waya na kira gida, abin da ban saba yi ba. Ta yi ƙara sau biyar kafin uwargidana ta ɗauka, murya cike da barci da tsoro.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Yara duk suna ciki?"

"Suna ciki, sun yi barci."

"To tashi ki duba mini sakatar nan. Ina kan layi."